Numfashin Baƙuwa Mai Wutsiya

Da sunan wanda ya rataye taurari ba da igiya ba, ya shata wa kowace hanyarta, ya hana su karo sai da izininsa. Ku matso, ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa yanzu, don in na fara ba na son a katse ni. Ni ne Tunau ɗan Anaruwa, marini jikan marina, mutumin Kwarin Dumbule a ƙasar Zangarma, ƙasar da take da wata biyu, babba da ƙarami. Abin da zan faɗa muku, wani da idona na gan shi, wani da ƙafata na taka shi, wani kuwa da wautata na jawo shi.

A ƙasarmu akwai tauraruwa mai wutsiya da muke kira Baƙuwa. Duk shekara sittin da ɗaya take zuwa, kuma duk zuwanta sai duniyarmu ta ratsa hanyar da ta bi, kwarinmu ne kuwa ke fuskantar wajen a ranar. Galibi ba ta barin komai sai ƙyalƙyali a sama, yara su yi ta tsalle suna ihu. Amma a zamanin kakan kakana ta zubo duwatsu masu wuta, ta shafe gari uku a cikin kwarin. Ramukan suna nan, ruwa ya cika su, ko dabba ba ta sha.

A shekarar da nake ba ku labari, Baƙuwa ta leƙo gero bai ko yi ciki ba. Masu lissafi suka ce bayan kwana saba'in za mu shiga hanyarta, girbi kuwa sai bayan kwana tamanin. Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce a kwashe a koma Tudun Gyale, tafiyar kwana takwas, a bar wa birai gonaki. Wasu suka ce wanda ya bar hatsinsa a gona, yunwa ce za ta bi shi har tudun ta kashe shi.

Ni duk wannan bai dame ni ba kamar Yaya Gwamma. Ita ta goye ni bayan mahaifiyarmu ta rasu ina jariri, ita ta yaye ni, ita ta yi mini duka mafi yawa a duniya, kuma duk na cancanta. Mijinta ya rasu, ƙafarta ɗaya ta shanye, gonarta kaɗai ta rage mata. Na ce mata mu tashi, ni zan goya ta.

Ta ce, “Auta, ni ba inda za ni a kan an ce, an ce. In akwai mai auna abin nan, a auna a gaya mini.”

Da aka taru a ƙofar dagaci na miƙe na ce duk surutu suke yi, ai an ce a Birnin Sansame akwai wani Malam Korau da ke auna numfashin taurari. Dagaci ya dube ni ya ce tunda bakina ya fi na kowa kaifi, ni zan je. In na samo amsa in aiko ta ganga, don a ƙasarmu kowane tudu da makaɗinsa, wannan ya buga wancan ya karɓa, saƙo ya ƙetare ƙasa cikin yini ɗaya. Kiɗa biyu aka ajiye: na zama da na tashi.

Kwana goma sha ɗaya na yi a hanya, shida daga ciki a Fadamar Gishiri, inda ba ciyawa ba inuwa, ƙasa fara fat har ƙarshen gani. Mutanen wurin ba su da jaki ba su da raƙumi. Amalanke suke hawa, su kafa sanda a tsakiya su ɗaura mata tabarma, iska ta yi ta tura su. Sau biyu muna kifewa. Na zagi direban, ya zage ni, muka rabu muna abokai.

Na sami Malam Korau a wani ɗaki mai duhu, tsoho tukuf, siriri, da baki kamar barkono. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya kama hannuna ya kai bakin ƙofa, ya ga yadda shunin baba ya rine shi har gwiwar hannu.

Ya ce, “Marini ne kai?”

Na ce, “Allah gafarta Malam, tun kakanni.”

“In na ba ka ƙyalle, za ka gaya mini sau nawa aka tsoma shi?”

“Ko da ido ɗaya.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi. Shekara ashirin ina roƙon Allah ya aiko mini mai ido, ga shi ya aiko, sai dai ya haɗo da girman kai. Zauna.”

Ya toshe ko'ina sai wani ɗan huji da rana ke shigowa. Ya ɗauko wani dutse garai-garai kamar ruwan rijiya, mai fuska uku, ya ce sunansa idon-ruwa. Da ya tare hasken da shi, sai ga bakan gizo shimfiɗe a kan allo, daga ja har shunayya. Ya ciro siririn farin ƙyalle da ya jiƙa a wani ruwan magani ya shanya, ya ajiye shi can gaba da shunayya, inda ba komai sai duhu. Wallahi kafin in haɗiye yawu ƙyallen ya yi baƙi ƙirin.

Na zabura na ce, “Tsafi!”

Ya ɗana mini sanda a ƙauri ya ce, “Tsafin gidanku. Haske ne, idonka ne ba ya ganinsa. Yana nan bayan shunayya, ɓoyayye. Shi ne yake ƙona fatar masu hawa dutse ko ana sanyi. Gilashi yana shanye shi, iskar nan tamu ta ƙasa ma tana shanye mafi yawansa, shi ya sa sai an hau sama.”

Kwana ashirin yana koya mini. Ya ce Baƙuwa dunƙulen ƙanƙara ce da duwatsu. In ta matso rana sai ta ɗumama ta fara fitar da numfashi, shi ne wutsiyar da muke gani. Rana ta doki numfashin, numfashin ya mayar da ɓoyayyen haske, kuma kowane iri da gurbinsa a kan ƙyalle: nan tururin ruwa, nan hayaƙin gawayi, nan farar wuta. Ya ce, “Zanen tururin ruwa za ka duba. In duhunsa bai wuce tsomi uku ba, numfashinta kaɗan ne, jikinta a haɗe yake, ku zauna ku girbe geronku. In ya kai tsomi biyar, tana tafasa tana farfashewa, tana watsa duwatsu a hanya. Ni ƙirjina ba zai ɗauki iskar dutse ba, idona kuma ba ya raba uku da biyar.”

Ya ba ni akwatin katako mai madubin ƙarfe da ke tattara haske, da ƙyallaye arba'in a cikin baƙar jaka, da ɗan gora mai huji cike da yashi don auna lokaci. Nasa idon-ruwan ya ce ya yi ƙanƙanta, sai in ɗebo babba a Kogon Zirnako, daga nan in hau Dutsen Shambara. Ranar da zan tafi ya riƙe kunnena kamar yaro ya ce, “Kafin ka auna Baƙuwa, ka gwada kayanka da rana. In ƙyalle ya yi baƙi nan take, to. Kowane lokaci, ka ji? Kowane lokaci.” Na ce na ji. Ya sake ni ya juya baya, na ga yana share ido. Allah ya jiƙan Malam, ko ƙwayar gero bai karɓa a hannuna ba.

Kogon Zirnako sunansa bai yi ƙarya ba. Zirnakon wurin kowanne ya kai rago, kuma ba abin da ke haukata su kamar abu mai walƙiya. Na shiga da rarrafe da tsakar rana, lokacin da suke fita kiwo, na sami duwatsun sun tsiro a bango kamar rogo. Na ɓalle wani da ya kai damtsena. Murna ta sa na manta, na fito da shi tsirara a hannu. Rana na dukansa ya yi wal, sai na ji sama ta ɗauki ruri. Kai! Na ga mutuwa da fuka-fuki. Na cusa dutsen cikin baƙin rawanina, na fizgo tasar tagullar da nake cin abinci, na wurga ta cikin kwazazzabo. Ta tafi tana juyi tana walƙiya, suka bi ta duu, ni kuwa na kwanta cikin ƙaya ban motsa ba har la'asar. Da na yi nisa na gwada dutsen da rana, ƙyalle ya yi baƙi nan take. Na yi rawa ni kaɗai a daji, ƙaya cike da gindina.

Dutsen Shambara ba a hawansa da ƙafa sai rabi. Daga nan mutanen sama ke sako kwando da igiya su ja ka. Ina cikin kwandon na ratsa gajimare na fito ta samansa, na ga sama ta yi duhu kamar tsomi shida alhali rana na tsaka. Numfashi ya gagara, kai ya yi nauyi. Da suka sauke ni da yamma, sai ga jama'a sun kewaye wata tsohuwa gajeriya da ke zaune a kan farar tabarma. Aka ce ita ce Inna Daso, uwar dutse, ba a yanke magana sai da ita.

Na faɗi buƙatata ina haki. Ta ce, “Sannu, ɗana. Wanda ya hau nan saboda 'yar'uwarsa ba baƙo ba ne.” Ta sa aka kawo wani ɗan ƙoƙo a naɗe cikin fata. Man kaɗanya ne. Ku da kuke ƙasa ba za ku gane ba, amma a can ba bishiya ko ɗaya, sau ɗaya a shekara ake hawo da shi, ana lakatarsa da ɗan yatsa. Al'adarsu ita ce uwar dutse ta shafa wa jariri, ta shafa wa baƙo, ta kuma shafa wa abin da baƙon ya fi ƙauna cikin kayansa. Ma'anarsa sun karɓe ka, kai da abin hannunka. Ba a gogewa, sai ya bushe da kansa. In kuwa aka goge man da uwar dutse ta shafa, hannunta ya zama abin ƙi, dole ta sauka daga tabarma.

Ta shafa mini a fuska da hannuwa, sannan ta ce, “Me ka fi ji da shi?” Na warware rawani na miƙa mata idon-ruwa. Ta karɓa da hannu biyu, ta lakato man ba ƙyashi, ta murza kowace fuska tana yi masa addu'a har ya ɗauki sheƙi. Jama'a suka yi guɗa. Ni ma na ji daɗi, har na ce a raina ai ya fi kyau.

Baƙuwa ba ta fitowa sai gab da ɓullowar rana. In zan gwada kayana da rana kamar yadda Malam ya ce, sai in jira gobe, in auna jibi. Na ce haba, ai na gwada bayan na baro kogo, me zai canja? Da asuba na kafa akwati, na saita madubi, na buɗe goran yashi. Ga ta nan ta cika gabas, wutsiyarta ta kai rabin sama. Da yashi ya ƙare na ciro ƙyalle na duba. Fari. In ka matsa ido za ka ga ɗan dishi-dishi a gurbin tururin ruwa, bai kai tsomi ɗaya ba.

Na yi kabbara har na faɗi. Na ruga wajen Barmo, makaɗin dutsen, na ce ya buga kiɗan zama. Ya buga, tudu na gaba ya karɓa, muna ji har ya ɓace. Na ce yau Yaya za ta kwance ƙullin kayanta ta yi barci.

Ciwon dutse ya kwantar da ni kwana biyar. Inna Daso da kanta take ba ni nonon akuya da ludayi, tana yi mini tsiya wai mutanen ƙasa ƙirjinsu na kaza ne. Kullum sai a fitar da ni in sha hantsi. A rana ta shida na tashi kunnuwana da ƙeyata suna raɗaɗi, fata na saɓulewa, fuskata kuwa lafiya lau. Inna ta duba ta yi dariya.

Ta ce, “Af, laifina ne, na manta kunnuwan nan naka masu kama da faifai. Ai inda man ya taɓa, rana ba ta cizo.”

Na ce, “Me kika ce, Inna?”

“Na ce man yana tare cizon rana. Me ya sa kake gani ba mu ƙonewa?”

Na tuna abin da Malam ya ce yake ƙona fatar masu hawa dutse. Na rarrafa na jawo akwati, na saita shi da rana tsaka, na sa sabon ƙyalle. Na jira, na jira. Da ƙyar ya yi toka-toka. Rana da kanta ke nan, balle tauraruwa.

Abin da na yi bayan nan ina jin kunyarsa har gobe. Na miƙe a gaban jama'a na nuna tsohuwar nan da yatsa, na ce, “Kin kashe mini 'yar'uwa! Ke da man banzanki kun makantar mini da dutse!” Samari biyu suka riƙe ni, ɗaya ya ce a mayar da ni kwando ba igiya.

Inna ta ɗaga hannu suka sake ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ba ni ƙyalle ɗaya.” Na ba ta. Ta shafa man a rabinsa, ta bar rabi, ta shimfiɗa a rana. Rabin da ba mai ya yi baƙi nan take, ɗayan ya tsaya fari. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, “Mutum nawa ne a kwarinku?”

Na ce, “Dubu huɗu da wani abu.”

“Kuma duk sun ji kiɗan zama.”

“Sun ji, Inna.”

Ta juya ta ce a kawo mata ruwan toka mai ɗumi. Nan fa wuri ya rikice. Dattawa suka ce a jira ya bushe da kansa, ai wata guda ne kawai. Mata suka fara kuka. Wani ya ce a bar baƙon ya goge da hannunsa, a kore shi, a ce ba a gani ba. Ta ce, “Ni na gani.” Ta zauna a kan farar tabarmarta, ta ɗora dutsen a cinya, ta wanke shi fuska ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauraye, ta goge da gefen zanenta. Ta miƙo mini ta ce in gwada. Ƙyalle ya yi baƙi kafin in janye hannu. Sai ta tashi, ta naɗe tabarmar da ta yi shekara talatin a kai, ta miƙa wa dattawa, ta koma ta zauna a ƙasa cikin sauran mata.

Na faɗi a gabanta na ce ta yafe mini. Ta ce, “Tashi, ɗana, ka je ka yi barci. Gobe idonka muke so, ba hawayenka ba.”

Da asuba na auna. Da na ciro ƙyallen, zanen tururin ruwa ya wuce tsomi bakwai, baƙi wuluk, har ya malala gefe. Ga na hayaƙin gawayi, ga na farar wuta, duk sun fito ɓaro-ɓaro. Na sake da wani ƙyallen don kada in sake yin wauta, ya fito daidai da na farko. Saura kwana goma sha ɗaya, tafiyar Tudun Gyale kuma takwas ce.

Na je wa Barmo na ce ya buga kiɗan tashi. Ya girgiza kai.

Ya ce, “Ganga ba ta magana biyu, ɗan'uwa. Ko na buga, tudu na gaba ba zai karɓa ba, za su ce na sha wani abu. Sai dai in an fara da sunan wanda ya yi kuskuren, a ce wane ɗan wane ya ce ya yi kuskure. Sunan kuwa kowane ƙauye a Zangarma zai ji shi, kuma ba a mantawa.”

Inna Daso na bayana. Ta ce, “Buga nawa, Barmo. Hannuna ne ya shafa, kuma ni ba abin da ya rage da zan rasa.”

Ba zan ɓoye muku ba, na yi shiru. Na ɗan lokaci na ji daɗin maganar. Barmo har ya ɗaga sandar kiɗa. Sai na riƙe hannunsa na ce, “A'a. Ita karamci ta yi mini. Malamina ya ja kunnena ya ce in gwada da rana kowane lokaci, na ƙi, don ina ganin na fi ƙarfin gwaji. Buga Tunau ɗan Anaruwa.” Ya buga. Ina tsaye ina jin sunana yana tsallaka tudu bayan tudu, kowane makaɗi yana maimaita cewa na yi kuskure.

A ranar na shiga kwando. Inna ta rako ni har bakin dutse, ta cusa mini cuku a jaka, ta ce in gaishe da Gwamma kamar ta san ta. Har yau in na yi salla sai na ambaci sunanta kafin nawa, kuma ban ga ranar da zan daina ba.

Daga Shambara zuwa Dumbule tafiyar kwana goma sha tara ce. Na yi gudu, na hau amalanke, na yi rarrafe, duk a banza. Ina tsakiyar Fadamar Gishiri da la'asar ranar ta cika. Can yamma, daidai inda kwarinmu yake, na ga zare-zaren wuta suna saukowa, ɗaya, goma, ba adadi, sannan ƙasa ta yi girgiza a ƙarƙashin amalanken. Mai amalanken ya sauke tabarma ya kama salati. Ni ban san ko mutanen kwarinmu sun ji kiɗa na biyu ba, in sun ji ma ban san ko sun yarda ba. Mutumin da ya ce ku zauna, bayan kwana shida ya ce ku tashi, wa zai bi shi?

Na isa kwarin bayan kwana takwas. Ba gari. Inda marinarmu take rami ne mai hayaƙi, gonar Yaya ta zama toka. Na yi ta kiran sunanta kamar mahaukaci, ba mai amsawa sai hankaki. Sai na ga sawun jakai da na mutane, da yawa, sun nufi arewa. Na bi sawun, ba na ci sai abin da na tsinta, ina tafe ina roƙon Allah har na hango Tudun Gyale.

Tudun cike yake da bukkoki. Mutane suka gan ni suka yi cirko-cirko, wasu suka kau da kai, wasu suka kama hannuna. Ba wanda na kula. Can na hango ta a gindin wata tsamiya, ta miƙe shanyayyar ƙafarta, tana sussukar ɗanyen geron da suka samu suka yanko. Da rarrafe na ƙarasa wurinta.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ka rame.”

Na ce, “Yaya, yaya aka yi kuka taso?”

Ta ce, “Da ƙyar. Da kiɗa na biyu ya zo, gari ya ce wanne za mu ɗauka? Wasu suka ce tsoro ne ya kama ka, wasu suka ce dama kai ba ka san komai ba. Har dagaci ya ce a zauna. Sai na sa aka kai ni ƙofarsa. Na ce musu ni na goyi yaron nan. Tun yana rarrafe, ko an kama shi da hannu cikin tukunya, miya har gwiwar hannu, bai taɓa buɗe baki ya ce na yi laifi ba. Na dake shi, na hana shi tuwo, na yi kuka, bai faɗa ba. Yau ya sa an buga wa duniya duka cewa ya yi kuskure. Ku ku zauna in kuna so, ni a ɗora ni a jaki.”

Na ce, “Kowa ya taso?”

Ta ajiye geron. Ta ce, “Ban da gidan Cindo maƙeri da gidan Baba Nomau. Sun ce kiɗan farko suka ji. Mutum tara.”

Na san su duka, har jaririyar Cindo da aka raɗa wa suna ana gobe zan tafi. Na kifa fuskata a kan ƙafar Yaya na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina goye, ina kuka ina gode wa Allah, ina kuka ina kiran sunayen mutum taran nan. Ba ta hana ni ba. Ta ɗora hannu a kaina ta bar shi a nan.

Da aka jima ta ce, “Tashi haka nan, Auta, mutane na kallo.”

Na ce su kalla.

Iyakar abin da na gani ke nan, ban ƙara ba, abin da na rage kuwa Allah ya sani. Wanda ya ji, in zai yi addu'a, ya sa da mutum taran nan.